Tsohuwar Fijon Baba da Motocin Amurka Masu Ƙwanji

Rubutun yau zai ɗan yi tsawo, a yi haƙuri da ni.

Ranar Asabar da ta wuce na je gida Madadi gaishe da Hajiya. Ina isa na tarar da wani ɗan gwangwan a ƙofar gida, sikelinsa a ɗaure bayan babur, yana zagaya tsohuwar motar marigayi Baba yana ƙwanƙwasa ta kamar mai zaɓen kankana. Peugeot 504 ce fara, Fijo kamar yadda kowa ke kiranta. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana zaune a kan bulo ƙarƙashin darbejiya, awaki na shan inuwa a gindinta. Ƙanena ne ya kira shi. Mutumin ya taya dubu ɗari uku, a yanka ta a nan, a loda a kai birni.

Ƙanena ya ce, "Yaya, damina ta kawo jiki, ka san kuɗin taki bana. Motar nan ba tashi za ta yi ba, tsatsa ce kawai ke cin rabonmu." Wallahi ban sami amsar da zan ba shi ba, don gaskiya ya faɗa. Na dai roƙi a ba ni mako biyu.

A hanyata ta komawa Kano, tun daga Gwarzo har Rijiyar Zaki, wata mota ce a raina, wadda ita ma ta yi kusan shekara arba'in a ajiye a Amurka, da tsatsarta da komai, kafin a sayar da ita sama da dala miliyan uku. Zan zo kanta. Amma sai an fara sanin danginta, domin tarihinsu ya haɗu da namu a wani wuri da yawancinmu ba mu lura da shi ba.

Amurkawa suna da wasu motoci da suke kira da sunan da ma'anarsa ita ce mota mai ƙwanji. Dabarar ba ta da wuyar ganewa: a ɗauki mota matsakaiciya mai ƙofa biyu, a cusa mata injin babbar mota mai silinda takwas, a sayar a farashin da matashi mai albashi zai iya biya. Yawancin masu bin tarihin abin suna fara lissafi ne daga 1964, shekarar da Pontiac ta fitar da GTO. A lokacin uwar kamfanin, General Motors, tana da doka cewa kada a sa wa matsakaiciyar mota inji mai girma sosai. Sai wani injiniya, John DeLorean, da abokan aikinsa suka bi ta bayan gida: suka ce ai ba sabuwar mota ba ce, ƙari ne kawai da mai saye zai iya zaɓa a kan motarsu Tempest. Injin lita 6.4 ne, mai ƙarfin doki 325. An yi tsammanin za a sayar da 5,000, sai ga shi an sayar da sama da 32,000 a shekarar farko.

A watan Afrilu na wannan shekarar Ford ta fito da Mustang a kan dala 2,368. Cikin shekara guda aka sayar da fiye da 400,000, kafin cikar shekara biyu an kai miliyan. Daga nan gasa ta ɓarke a birnin Detroit. Chevrolet ta kawo Camaro, Dodge ta kawo Charger da Challenger, Plymouth ta kawo Road Runner. Zuwa 1970 akwai Chevelle mai injin lita 7.4 da doki 450. Don a gane girman abin, Fijon Baba silinda huɗu gare ta, lita biyu, kuma ƙarfinta bai kai doki ɗari ba.

Me ya sa abin ya karɓu haka? Yaran da aka haifa da yawa bayan Yaƙin Duniya na Biyu sun kai shekarun tuƙi a daidai lokacin, ga aiki a masana'antu, ga albashi. Gwamnatin Eisenhower ta fara shimfiɗa manyan titunan da suka haɗa jihohi tun 1956. Uwa uba fetur kamar kyauta: galan ɗaya, wato kusan lita huɗu, bai wuce sulalla talatin da 'yan kai na dala ba. Don haka babu wanda ya damu cewa motar da ƙyar take yin kilomita huɗu ko biyar a lita. Ku auna da kanku: daga Gwarzo zuwa Kano kusan kilomita 70 ne, ka ga sai ta sha wajen lita goma sha biyar a zuwa kawai. Abin da matashi ke saye shi ne rurin injin nan da ake jiyowa tun daga nesa, da yadda motar ke manna bayanka da kujera idan ka taka totur. Ga kuma sauƙin gyara. Babu kwamfuta a cikinta, kafireto ne da fulogi da waya, yaro da ubansa za su buɗe gaban mota ranar hutu su kwance su ɗaura. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da bakanike a garejin Gwarzo yana hura kafireton Fijo da baki ya san irin shaƙuwar da ke shiga tsakanin mutum da motar da yake gane cikinta.

Zamanin bai wuce shekara goma ba. Kamfanonin inshora ne suka fara, da suka ga yawan haɗarin da matasa ke yi da motocin suka tsawwala kuɗi. A 1970 aka yi dokar tsabtace iska wadda ta tilasta rage hayaƙi, dole aka rage wa injuna ƙarfi. Sai babbar guguwar ta zo a watan Oktoba na 1973. Yaƙi ya ɓarke tsakanin Masar da Siriya a gefe guda da Isra'ila a ɗaya gefen, ƙasashen Larabawa masu mai, Saudiyya ta Sarki Faisal a gaba, suka daina sayar wa Amurka mai saboda goyon bayan da take ba Isra'ila. Gangar ɗanyen mai ta tashi daga kusan dala 3 zuwa kusan 12 cikin 'yan watanni. Amurkawa suka ga abin da mu muka saba da shi, wato dogon layi a gidan mai. Wasu jihohi suka raba ranakun shan mai bisa lambar mota, masu mara yau, masu cika gobe. A Janairun 1974 Shugaba Nixon ya sa hannu a dokar da ta taƙaita gudu zuwa mil 55 a awa, kusan kilomita 89. Motar da aka ƙera don gudu da shan mai, an hana ta gudu, mai kuma ya yi wuya. A wannan shekarar aka daina yin Challenger da Barracuda, GTO ma daga ita ba ta ƙara ba sai bayan shekaru masu yawa. Mustang ta koma 'yar ƙarama mai silinda huɗu. Mutane suka rinƙa rabuwa da masu ƙwanjin a arha suna sayen ƙananan motocin Japan.

To a nan ne tarihin ya biyo ta ƙofar gidanmu. Faɗuwar wani tashin wani. Najeriya ta shiga OPEC a 1971, amma ba ta cikin masu ƙaurace wa Amurka, don haka ta ci gaba da sayar da mai a sabon farashin. Kuɗin da ya fita daga aljihun mai Charger a Detroit, wani kasonsa a baitulmalin gwamnatin Gowon ya sauka. Daga nan aka yi ƙarin albashin Udoji, aka biya ma'aikata da ariyas a 1975. Tsofaffin ma'aikata har yau in suna hira sai ka ji sun ce "lokacin Udoji", lokacin da masinja ya sayi babur, akawu ya fara tambayar kuɗin mota. A shekarar 1975 ɗin aka buɗe masana'antar haɗa Peugeot a Kakuri, Kaduna, da ta Volkswagen a Legas. Bayan su aka yi ta Steyr a Bauchi, da ta manyan motocin Fiat a nan Kano, da ta Leyland a Ibadan, da ta Marsandi a Inugu. Abin dariya, ba a jima ba Legas ma ta kafa dokar mara da cika a lambar mota. Amurka ta yi tata don mai ya yi ƙaranci, mu kuma don motoci sun yi wa titi yawa.

Dattawanmu suna ba da labarin dogayen motocin Amurka, irin su Chevrolet da Pontiac, da manyan mutane ke shiga a zamanin Jamhuriya ta Farko. Amma waɗannan na sarakuna ne da ministoci da attajirai. Motar da ta yi mana abin da Mustang ta yi wa matasan Amurka, wato ta sa ɗan talaka mai albashi ya riƙe sitiyarin kansa, ita ce Fijo. An fara yin 504 a Faransa a 1968. Ƙwanjinta ba a gudu yake ba, a juriya yake. Tana da tsayi daga ƙasa, ƙafafunta suna shanye gargada, tayoyin baya ke tura ta, har ta ci gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1975. Bayan kisan Janar Murtala, gwamnatin Obasanjo ta ɗauki tsarin rage facaka, 504 ta zama motar manyan jami'an gwamnati. Ita ce motar kwamishina, doguwarta ita ce ta haya a tashoshi daga Kano zuwa Funtuwa da Sakkwato, a-kori-kurarta kuma ita ke kai hatsi kasuwar Getso. Faransa ta daina yin ta, Kaduna ta ci gaba har zuwa tsakiyar shekarun 2000.

Baba malamin gona ne. A 1982 ya karɓi bashin mota ya sayo tasa sabuwa fil, da ledarta a kujeru. Rasit ɗin yana nan a cikin adakar Hajiya, kuɗin da ke jikinsa yau ba zai saya maka lita ashirin ta fetur ba. Ni ban tuna ranar da ta iso ba, ina ƙarami, amma na tashi na ga motar nan ba tamu ba ce mu kaɗai. Mace ta fara naƙuda mai wuya da tsakar dare, ƙofar Baba ake bugawa, a kai ta asibitin Gwarzo, in ta ƙi a wuce Kano. Amaren unguwarmu da yawa ita ta kai su ɗaki. Ita ta kai maniyyata sansanin alhazai, ita ta ɗauko gawa daga birni ba sau ɗaya ba. Ranar da aka kai ni makarantar kwana, akwatina na ƙarfe a bayanta yake. Akwai magidanta a Madadi yau da 'ya'yansu, waɗanda da ba don Allah Ya sa motar nan ta tashi a wani dare ba, da wani labarin ake yi.

Zamanin namu ma bai daɗe ba. Farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, sai tsarin SAP na Babangida a 1986 ya karya darajar naira. Tunda yawancin sassan motar daga waje ake kawo su a haɗa, sabuwar Fijo ta fi ƙarfin ma'aikaci. Muka koma 'yan Kwatano. Masana'antun nan suka rinƙa durƙushewa ɗaya bayan ɗaya. Ni da digirina da shekara kusan ashirin a aikin gwamnati, ban taɓa sayen sabuwar mota ba, kuma ban san wani abokin aikina a matakina da ya saya ba. Abin da Baba ya yi da takardar shaidar malamin gona, ni ɗansa na kasa.

Sai ranar 29 ga Mayu 2023, Shugaba Tinubu ya tsaya a dandalin rantsuwa ya ce tallafin mai ya tafi. Lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura dubu. Ni a ganina wannan ita ce 1973 ɗinmu, ta iso bayan shekara hamsin cif. Ku duba farfajiyar ma'aikatu yanzu. Manyan motoci masu silinda shida da muke taƙama da su an jingine su a gida, darakta ya koma ƙaramar mota, na ƙasa da shi ya koma babur ko adaidaita sahu, wasu na bin layin mayar da mota mai amfani da gas. Dillalai za su gaya maka tambayar farko da mai saye ke yi yanzu ita ce "ya shan manta?" Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne, bai fi cikin tankin babbar mota sau ɗaya ba. A ƙarshen shekarar 2023 ɗin kuma, can Amurka, Dodge ta rufe yin Challenger da Charger irin na da, Chevrolet ta tsayar da Camaro. Fetur ne ya haifi motocin nan, shi ne kuma ya yi ajalinsu karo biyu.

Yanzu bari in dawo kan motar da na ambata da farko. A 1968 aka yi wani fim mai suna Bullitt, inda jarumi Steve McQueen ya tuƙa koriyar Mustang yana tsere da wata baƙar Charger a titunan San Francisco. A 1974, daidai lokacin da kowa ke gudun irin waɗannan motoci, wani magidanci ya ga tallar ɗaya daga motocin fim ɗin a mujalla ya saya. Matarsa malamar makaranta ce, da ita take zuwa aiki. McQueen da kansa ya rubuto wasiƙa a 1977 yana neman a sayar masa, mutumin ya ƙi. Wajen 1980 kulocinta ya lalace aka ajiye ta, suna ƙaura da ita daga gari zuwa gari. Bayan rasuwarsa ɗansa ya tayar da ita, bai yi mata sabon fenti ba, bai goge tabonta ba. A Janairun 2020 aka yi gwanjonta a Florida, ta tashi a kan dala miliyan 3.74.

Kada wani ya ce na ce Fijon Baba za ta yi miliyoyi. Ba za ta yi ba. Waccan ta fito a fim ɗin da duniya ta kalla, kuma masu sayenta mutane ne da suka ƙoshi har suna neman abin da za su tuna ƙuruciya da shi. Su can suna da kamfanonin da har yau ke ƙera kayan gyaran motar 1969, da ƙungiyoyin masu irin motar, da gidajen tarihi. Mu kuwa mai neman kuɗin taki ba ka ce masa ya adana tarihi ba. Amma akwai abin lura. Ƙarfen Mustang ɗin nan in aka ɗora shi a sikelin ɗan gwangwan, da kaɗan zai fi na Fijon Baba nauyi. Abin da aka biya wa kuɗi shi ne lambar jikinta da ta dace da takardunta, da wasiƙar nan, da iyalin da suka san duk inda ta kwana tsawon shekara arba'in da biyar. Kuma an ƙera irin motocin da yawa, amma mafi yawansu an niƙe su a lokacin da ake ganin ba su da amfani, shi ya sa waɗanda suka tsira suka yi daraja. Mu a wannan matakin muke yanzu. Kaduna ta haɗa Fijo dubu ɗaruruwa, amma yaushe rabon da ka ga 504 mai lafiya a hanyar Gwarzo? Golf da Sharan sun karɓe tasha, sauran kuma ana yanka su kullum ana narkarwa a yi rodi.

Ba wai ba mu san darajar mota a tarihi ba ne. Marsandin da aka harbe Janar Murtala a cikinta ranar 13 ga Fabrairu 1976 tana nan a gidan tarihi na ƙasa a Onikan, Legas, da hujin harsasai a jikinta, yara 'yan makaranta na zuwa kallo. Sai dai tarihin namu kullum na shugabanni ne. Ina ganin motar malamin gona da aka haɗa a Kakuri da hannun 'yan Arewa ita ma shaida ce, shaidar cewa an taɓa yin lokacin da ƙasar nan ke haɗa motarta, ma'aikaci kuma ya saye ta sabuwa da albashinsa. Ɗana ɗan shekara goma sha huɗu da na gaya masa haka dariya ya yi, ya ɗauka irin labarin nan ne na manya. Nan da shekara ashirin, in babu ko guda da za a nuna, wa zai yarda? Muna da Gidan Makama a Kano, muna da Gidan Arewa a Kaduna, muna da kwalejojin fasaha da ke koyar da kanikanci. Ajiye lafiyayyar 504 guda ɗaya da 404 a-kori-kura guda ɗaya, da takardunsu da labarin masu su, bai kai kuɗin tayoyin ayarin gwamna ba.

Ga abin da na yanke. Motar gado ce, Hajiya na da tumuninta a ciki, ƙannena mata na da rabonsu, ba ni da ikon hana kowa haƙƙinsa saboda ƙaunar da nake wa ƙarfe. Don haka na kira ƙanena na ce zan saye ta a kan abin da ɗan gwangwan ya taya, in ƙara dubu hamsin, in biya kashi uku daga albashi, kashin farko kafin a fara shuka don ya sami takinsa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaya, kai dai da rigima. Me za ka yi da ita?" Na ce rumfar kwano zan fara yi mata, in cire ta daga ƙarƙashin darbejiya. Akwai wani dattijon bakanike a Gwarzo da ya yi shekaru yana duba ta tun Baba na da rai, ya ce injin bai ƙone ba, in an sami lagireto da 'yan kayayyaki a Ƙofar Ruwa za ta iya tashi. Ko ta tashi ba hawan yau da kullum zan yi ba, ba ni da kuɗin manta. Uwargida dai ta ce tana jira ta ga ta inda kuɗin makarantar yara na zango mai zuwa zai fito, kuma ita ma tana da gaskiya.

Da na gaya wa Hajiya, ba ta ce komai a kan kuɗin ba. Tashi ta yi ta buɗe adaka ta miƙo mini rasit ɗin da katin motar da makullin safiya a ɗaure cikin tsohon ƙyalle, ta ce, "Ungo, dama kai ya ce a ba wa."

Wanda duk yake da irin wannan a gidansu, Fijo ce ko Vespa ko keken Raleigh na kaka, ban ce kada a sayar ba, kowa ya san halin da yake ciki. Amma kafin mai sikeli ya zo, a ɗauki hotonta ta kowane gefe, a adana takardunta, a zaunar da tsofaffin gida su faɗi inda ta je da waɗanda ta ɗauka, a rubuta. Wannan bai cin ko sisi.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka rigaye mu, Ya sawwaƙe mana wannan tsadar rayuwa, Ya ba mu damina mai albarka.